Suna, Rana, Kalma

A tashar mota ta Legas aka raba ni da jakata, kwana biyu da barina gida. Wani mutum ne mai farar riga da takalmi mai sheƙi ya tare ni, yana zuba Turanci yana dariya, ya karɓi jakar ya saɓa, ya nuna mini da hannu cewa motar Gana tana can gaba. Na bi shi ina murna na gamu da mutumin kirki. Da muka zo inda manyan motoci biyu suka gitta, ya shige tsakaninsu, ni kuma na dakata wata mai tallan burodi ta wuce. Ban sake ganinsa ba. A cikin jakar akwai kayan sawata, da garin kunun da matata Hajara ta daka mini, da ƙullin ɓawon dargaza na tace ruwan rake, da ludayin ƙarfe mai dogon hannu da na gada wurin mahaifina, wanda nake kwashe kumfa da shi idan ina dafa mazarƙwaila. Abin da ya tsira shi ne na jikina: takardun tafiya da ɗan guzuri a lalita, da waya, da littafin rubutu da biro a aljihun gaba. Tun daga ranar na ƙudurta cewa duk wanda ya haɗa mini Turanci da dariya, akwai abin da yake nufina da shi.

Ni manomin rake ne daga wani ƙauye a ƙasar Kudan, kuma ina dafa mazarƙwaila tun zamanin da doki ke juya injin matsa. Wanda ya ja ni Gana wani Awudu ne, Bahaushen Kumasi, da kan zo sarin barkono a kasuwar Makarfi. Ya ɗanɗana tawa, ya ce uwargijiyarsa tana da gonar rake kusa da bakin teku, tana neman wanda zai dafa mata irin wannan har ƙarshen kakar yanka. Na bar gonata a hannun ƙanena, duk gari kuma ya ji cewa an zo daga wata ƙasa an ɗauki Haruna saboda gwanintarsa.

Littafin kuwa na makaranta ne. Ina da shekara arba'in da tara na shiga ajin yaƙi da jahilci a Makarfi, wurin Malam Garba, tsohon malamin firamare. Karatun Hausa ya zauna mini, sai dai a hankali, da yatsa a kan layi. Turanci mun fara taɓawa ke nan, kuma ban yarda da shi ba tun ranar da Malam ya rubuta mana sunan wuƙa a allo, ya ce harafin farko ana rubuta shi amma ba a faɗinsa. Na ce masa harshen da ke ajiye mutum a bakin ƙofa ya hana shi magana, sai an yi hankali da shi. Da zan tafi, ya ba ni aiki. Ya ce duk sabuwar kalmar Turanci da na ji, in rubuta ta yadda kunnena ya ji, da haruffan Hausa, in fara sa sunan wanda ya faɗe ta da ranar, domin da fuskar mai ita ake tuna kalma. Suna, rana, kalma.

Daga Legas muka bi ta Kwatano da Lome, inda ko Turancin ma babu, sai Faransanci. Wata Bayarabiya mai fataucin atamfa da ke gefena ta lura ba ni da kaya, ta ba ni tawul da burodi da soyayyen kifi. Na yi godiya na riƙe a hannu, ban kai baki ba sai da na ga ta ci nata daga leda ɗaya. Ta gane, ta yi murmushi ta kau da kai. Har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

Awudu ya tarye ni a Ankara, babban birnin ƙasar, muka ƙara tafiyar rabin yini zuwa gonar. Hausarsa irin ta can ce, ba ta raba mace da namiji, sai ka ji ya ce Madam ya zo, Madam ya tafi. Amma a wannan wuri shi kaɗai ne bakina, shi ne kunnena. Mai gonar, Madam Esi, doguwa ce marar yawan magana, a gari take kwana, sai ta leƙo sau biyu a mako. Ma'aikata shida ne, babbansu Kwesi mai kula da injin matsa, ƙaton mutum mai wushirya, wanda bakinsa ba ya hutawa. Tun ranar farko ya sa mini suna Alaji, duk da na yi ta nuna masa ban taɓa zuwa Makka ba. Da ya ga ina kwashe kumfa da ƙoƙo har tururi ya ƙona mini hannu, washegari ya zo da murfin tukunya da ya huhhuda da ƙusa ya ɗaura a gora. Ludayi ne sosai, ya ma fi nawa tsawo. Na karɓa, amma na yini ina tambayar kaina me zai nema a madadinsa.

Aikin ya kankama. Babu dargaza a can, sai na jiƙa karan kuɓewa na tace ruwan raken da shi, ya yi. Mazarƙwaila ta riƙa daskarewa jawur, Madam tana kwasa tana kaiwa gari. Abinci ne ya fi ba ni wuya. Kullum dokunu, wani curin masara mai tsami, da kifi da barkono, har na fara mafarkin tuwon masara da miyar kuka.

Abin da ya fi abincin damuna shi ne dariyarsu. A tsakaninsu sukan yi yarensu, amma idan za a yi raha sai su koma Turanci, kuma kusan kullum Kwesi ne ke jefo wata kalma, sauran su kwashe da dariya, wani ya maimaita, wani ya ƙara mata wutsiya. Sau da yawa idan an yi dariyar sai a waiwayo a dube ni. Ni kuwa ina kama kalmar in riƙe a baki kamar goro, da an tashi hutun rana sai in zagaya bayan tulin tuƙar rake in rubuta. Ba don komai nake ɓuya ba, sai don kunya. Mutum da furfura a gemu, ya ɗauki lokacin cin tuwo guda yana zana kalma ɗaya, harshe a waje, ba abin da zan so a gani ba ne.

Daga bayan tulin nan ana hango wata siririyar hanya da ta gangara cikin kurmin gora. Nan na fara ganin ana wucewa da jarkoki a lokacin hutu, yau wannan ya ɗauka, gobe wancan. Dama na lura ruwan da ke isowa kaskona bai kai na raken da ake shigowa da shi ba, wanda ya shekara talatin a bakin kasko ba ya bukatar awo kafin ya san haka. Idan iska ta juyo daga kurmin kuma takan zo da wani tsami da na san ba na kunu ba ne, na giya ne. Na sami Awudu a keɓe, a matsayin ɗan'uwa Musulmi, na gaya masa. Ya dafa kafaɗata ya ce raken bakin teku haka yake, ba shi da ruwa kamar na Arewa, in sa ido a kaskona kawai. Sannan ya tambaye ni, kamar da wasa, me nake rubutawa a bayan tuƙa. Na ce aikin makaranta ne. Ya ce madalla.

Ranar Juma'a na kira Malam Garba. Bayan mun gaisa, na tambayi iyali da 'yan aji, na karanto masa abin da na tara. Kaɗan ya sani. Ya ce “am kamin” da suke faɗa alhali tafiya suke yi, ai mu ma muna cewa ina zuwa mu juya baya. Amma da na zo kan tumorofai, da silipoloji, da hongirishos, sai na ji yana buɗe shafuka. Ya sa na maimaita sau uku. Can ya ce, “Malam Haruna, waɗannan ba su cikin ƙamus. Ko dai kunnenka ne, ko kuwa ba Turanci suke maka ba.”

Kunnena lafiya lau yake. Saboda haka na yanke cewa wani zaurance ne suka ƙirƙira don su yi da ni a gabana. Na ƙara ƙaimi wurin rubutu, ina cewa ko ba jima in na koma gida zan sami wanda zai warware mini. Har na fara matsowa kusa idan suna hira, ina kallon bakin mai magana.

Cikin mako guda wurin ya sauya. Idan na doso sai hira ta mutu. Kwanon da muke ci tare aka fara raba mini nawa gefe. Kwesi ya daina ce mini Alaji, ya daina ce mini komai. Ranar Laraba na dafa kasko kamar kullum, na je na yi sallar azahar a gindin mangwaro, na dawo na ƙarasa, na zuba a ƙananan kwanoni. Har la'asar ta ƙi daskarewa, ta tsaya kamar zuma mai danƙo. Na lakata na ɗanɗana, na ji ɗan tsami can ƙasa-ƙasa. Tun ina yaro na san tsami ne ke hana ta kamawa, amma na ce ko raken ne ya kwana. Ranar Asabar na zaɓi rake da hannuna, na wanke kasko da kaina, na je salla na dawo, aka sake maimaitawa.

Madam ta zo ta tsaya a kan kwanonin ta daɗe, ta yi magana gajeriya. Awudu ya juyo ya ce, “Madam ya ce ran Talata zai dawo. In ya sake lalacewa, sai ka koma gida, Malam. Na roƙe shi, wallahi na roƙe shi.”

Komawa gida ba ita ce ta tsorata ni ba, ina ma son gida. Abin da na hango shi ne ranar kasuwar Makarfi, in zo wucewa ta rumfar masu mazarƙwaila, a ce ga wanda aka kai har Gana ya kasa dafa kasko ɗaya. Ba ni da gona mai yawa, ba ni da sarauta, wannan sunan kaɗai na tara. Na san ana zuba mini wani abu a lokacin salla, amma ba zan bar salla don kasko ba, kuma ban san wa zan ce ya tsare mini ba, tunda duka shidan nake zargi.

Ranar Litinin Awudu ya bi Madam gari. Da aka tashi hutu na zagaya bayan tuƙa, ina cikin zana wata kalma sai inuwa ta rufe shafin. Kwesi ne, sauran biyar suna bayansa. Ya miƙo hannu. Na dubi hannun, na dubi addar da ke hannun na bayansa, wadda wataƙila daga yankan rake ya taho da ita, wataƙila kuma ba haka ba. Na ba shi littafin.

Ya miƙa wa Yaw, wani siriri mai son barci, wanda ya fi su karatu. Yaw ya buɗe tsakiya ya fara karanto sunaye: Kwesi, Kwesi, Yaw, Kofi, Kwesi. Kowane suna ga kwanan wata a gefensa. Da ya zo kan kalmomin sai ya yi ta juya littafin, ya kasa, domin da haruffanmu na rubuta. Ya faɗi wani abu da yarensu, fuskokinsu suka ƙara ɗaurewa. A nan ne na ga littafina da idonsu: sunayen mutane da ranaku, da rubutun da ba mai iya karantawa, a hannun baƙon da ke laɓewa daidai inda ake hango hanyar jarkoki.

Kwesi ya dangwara mini littafin a ƙirji ya ce, “Rid am.” Wannan kam na gane, cewa ya yi in karanta.

Ban taɓa karatu a gaban kowa ba sai 'yan ajinmu. Na ɗora yatsa, na fara. “Kwesi. Talata. Tu-mo-ro-fai.” Na ci gaba. “Kwesi. Laraba. Si-li-po-lo-ji.” Wani ya yi tari. “Kofi. Alhamis. Hon-gi-ri-shos.” Sai na ji Kofi ya fashe da dariya, ya toshe baki. Na ɗago na ga Kwesi yana cije leɓe, wushiryarsa na neman fitowa. Ya yi mini alama in ci gaba. Na karanta shafi uku cur, kalma bayan kalma, da irin muryar da nake karanta wa Malam Garba, har Yaw ya zauna a kan tuƙa yana share hawaye.

Da dariyar ta lafa, Kwesi ya sake ɗaure fuska, ya nuna littafin, yana tambayar ko don Madam nake rubutawa, ya ce, “Fo Madam?”

Na tattaro duk Turancin da na mallaka na ce, “No Madam. Sukul. Tica.” Na ga bai gamsu ba. Sai na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba, na buɗe masa shafukan farko, inda na fara koyon riƙe biro: A da B manya-manya kamar sawun kaza, sunana da na rubuta sau ashirin ina kuskure, da jan biron Malam ya kewaye kusan kowane layi. Na nuna furfurata, na nuna shafin. Suka zagaye suna kallo, ba wanda ya yi dariya. Can Kwesi ya ja fatar ƙasan idonsa da yatsa, ya nuna ni, ya ambaci Madam, sannan ya ambaci Awudu ya yi alamar baki mai magana da hannunsa. Ba na bukatar tafinta. Awudu ne ya gaya musu ni idon Madam ne.

Sauran hutun a kan kalmomin ya ƙare, da hannu da kwaikwayo. Ashe tumorofai shi ne abin da makaniken injin ke musu, kullum ya ce gobe, sai Kwesi ya ɗauki goben Turanci ya yi mata wutsiya ta zama aiki. Silipoloji ilimin barci ne, Yaw ne farfesansa. Hongirishos kuwa abincin da ba shi da daɗi amma yunwa ta sa ya yi daɗi. Babu ɗaya da ta shafe ni. Waiwayowar da suke yi, so suke su ga ko na kama. Har mazarƙwailata sun yi mata suna, sun aurar da ita ga cakulan, suna ce mata mazakwalet. Na yi dariya tare da su, amma ban saki jiki duka ba, domin wanda ya zuba mini tsami yana cikin masu dariyar nan.

Ranar Talata Madam ta zo da sassafe, Awudu na biye da ita. Da azahar ta yi, na tsaya ina kallon kaskon ina kallon gindin mangwaro. Kwesi ya kashe injinsa, ya zo ya karɓi ludayin daga hannuna, ya tsaya ta gefen da hayaƙi ke kare mutum daga idon jama'a, ya ce, “Go, Alaji.” Na tafi, amma Allah ya yafe mini, rabin hankalina a sallar nan yana kan cewa ya aka yi ya san daidai inda ya kamata a tsare. Kafin la'asar ta daskare, har sai da aka buga gindin kwano ta faɗo. Madam ta gutsura ta tauna, ta gyaɗa kai, ta shiga motarta. Awudu ya ce mini barka, na ce masa yauwa.

Na ƙarasa kakar. Ban kai ƙarar kowa ba, ba ni da bakin kaiwa, kuma wanda zai fassara mini shi ne wanda zan kai. Jarkokin dai na daina ganinsu, ko an daina ne ko an sauya hanya, ban sani ba. Ni da Awudu muka ci gaba da gaisawa a tsaitsaye. Na daina zuwa bayan tuƙa, a tsakiyarsu nake rubutu, har sukan yi gardama a kan wa zai shiga littafi yau. Kullum azahar Kwesi ne a bakin kasko.

Shi ya raka ni tasha ranar dawowa. Mota na shirin tashi ya karɓi littafin da biro, ya juya baya ya yi rubutu a shafin ƙarshe, irin rubutun nan mai haɗe-haɗe da ban iya karantawa ba. Na tambaye shi mene ne, ya ce, “Tica.” Tun daga Ankara har Zariya ina buɗe shafin ina rufewa, sabuwar jakata a kan cinya. Wani lokaci in ce addu'a ce, wani lokaci in ce zagi ne ya bari sai na yi nisa.

Asabar ɗin farko na koma aji. Malam Garba ya sa na karanta wa jama'a kalmomina na yi bayaninsu, aka yi ta dariya, ya ce bai san yadda zai yi makin abin da ba ya cikin ƙamus ba. Kafin a tashi har wani ya ce wa telan da ke ajinmu ya daina yi masa tumorofai da ɗinkinsa. Sai da kowa ya watse na buɗe wa Malam shafin ƙarshe, na ce in zagi ne ya faɗa mini a hankali.

Ya gyara tabarau ya duba. Ya ce layi uku ne, kuma an bi tsarinmu. Na farko, Kwesi, Laraba, laim. Na biyu, Kwesi, Asabar, laim. Ya ce, “Wannan kam tana cikin ƙamus, lemun tsami ke nan.” Na ce na ukun fa. Ya ce, “Kwesi, yau, sori. Ita ai mun yi ta tun zangon farko, Malam Haruna.”

Ludayin murfin tukunyar yana gida a jingine, da shi na dafa kaskon jiya. Na karɓi littafin na koma baya, na nemo makon da abin ya faru, na bi ranakun da yatsa. Laraba ce, Asabar ce, bai yi kuskure ba. Na ce wa Malam ya ara mini jan bironsa, na yi wa layi ukun maki ɗaya bayan ɗaya.